Kububuwa Ba Ta Shiga Hoto: Tarken Hotunan Macizai, Kwaɗi da Tsaka

Gabatarwa

Akwai wani hoto da ya zaga duniya har ya zama kamar tambari. Ɗan kwaɗo ne kore shar, idanunsa ja wur, yatsunsa ruwan lemo, ya maƙale a jikin ganye, bayansa kuma duhu ne baƙi ƙirin. Asalinsa dazuzzukan Amurka ta Tsakiya ne, amma ana ganinsa a kalanda, a bangon littattafan makaranta da fuskar kwamfuta a ƙasashen da ba su taɓa jin kukansa ba. Yana da 'yan'uwa a wannan fage: koren maciji mai ɓawo tsaitsaye da ya naɗe a reshe cikin tsaunukan Afirka ta Gabas, da tsakar Madagaska mai wutsiya kamar busasshen ganye. Waɗannan hotuna sun taru sun zama fanni mai zaman kansa, yana da gwanayensa, da alƙalansa, da gasanninsa, irin wadda Gidan Adana Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa kowace shekara.

Duk fannin fasaha da ya kafu yakan koya wa ido abin da zai kalla, ya kuma koya masa abin da zai kau da kai daga gare shi. Wannan maƙala za ta auna fannin hoton macizai da kwaɗi da tsaka na dazuzzukan tsauni da ma'aunin wani wuri da ba a yi shi dominsa ba, wato gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maradi. A can babu tsauni, babu hazo mai ɗiga daga ganye, amma maciji yana kwana a gindin rumbu, tsaka tana bangon ɗaki, kwaɗi kuma sukan hana gari barci a daren ruwan farko. Tambayar ita ce, me ya sa halittun da suka fi kusa da rayuwar mutum, har da mutuwarsa, su ne suka fi ƙarancin hoto, kuma wane ne ke biyan kuɗin wannan rashi?

Yadda Ake Gina Hoton Tsauni

Kafin a yanke wa salo hukunci ya kamata a san yadda ake ƙera shi. Yawancin kwaɗin daji da tsaka da macizan bishiya da dare suke fita, don haka mai ɗaukar hoto yakan shiga daji bayan faɗuwar rana da tocilan a goshi, yana neman ƙyallin ido a cikin ganye. Idan ya samu, sai ya sa gilashin da ke kusanto ƙananan abubuwa, ya matsa har tsakaninsa da dabbar bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. A irin wannan kusanci, abin da ke fitowa sarai a hoton siriri ne ƙwarai, saboda haka dole ya tsuke ƙofar haske ta kyamara, ya kuma dogara da walƙiyarta, wadda akan lulluɓe da farar roba domin hasken ya yi taushi a kan jiƙaƙƙiyar fata. Hasken walƙiya ba ya nisa. Yakan haska dabbar da ganyen da take kai, duk abin da ke baya kuwa sai ya nutse cikin duhu.

Ke nan baƙin bayan da aka san fannin da shi, tun farko larura ce ta aiki. Daga baya ne larurar ta koma ado, adon kuma ya koma ƙa'ida. Ba'amurken nan Joel Sartore ya kai wannan ƙa'ida matuƙa a aikinsa na Photo Ark, inda yake ɗaukar kowace dabba a gaban baƙi ko farin bango, galibi a gidajen ajiye namun daji. Hujjarsa mai ƙarfi ce: idan aka cire daji aka cire girma, ɗan kwaɗo da giwa sukan zama daidai a idon mai kallo, kowanne da fuskarsa da idanunsa.

Sai dai abin da aka cire ɗin ba ƙaramin abu ba ne. An cire ƙasa, an cire lokacin shekara, an cire ma'aunin da zai nuna ko dabbar ta kai yatsa ko ta kai kamu, an kuma cire mutum. Ɗan ƙauyen da ya yi jagora, wanda sau da yawa shi ya fara hango dabbar, ba ya cikin hoton, sunan da mutanensa ke kiranta da shi ma ba safai yake shiga bayanin ƙasan hoton ba. Abin da ya rage shi ne launi da ido. A wannan salo dabba takan cancanci hoto ne gwargwadon yadda take kama da kayan ado.

Ribar Salon da Hasararsa

Rashin adalci ne a musanta abin da wannan fanni ya tsinana. A tsaunin Monteverde na ƙasar Kosta Rika akwai wani kwaɗo mai launin zinariya wanda masanin nan Jay Savage ya bayyana wa duniyar ilimi a 1966. Ganin ƙarshe da aka yi masa a 1989 ne, a 2004 kuma aka ayyana shi cikin halittun da suka ƙare. Yau ba abin da ya rage daga gare shi sai 'yan gawarwaki a kwalabe da kuma hotuna, kuma hotunan ne suka sa duniya ta ji zafin rashin. Lokacin da aka gano a ƙarshen shekarun 1990 cewa wata cuta dangin funfuna ce ke cin fatar kwaɗi tana hallaka su a tsaunukan Amurka ta Tsakiya da Ostareliya, hoto ne ya fitar da maganar daga ɗakunan bincike zuwa jaridu. A Afirka ta Yamma ma haka abin yake. A Dutsen Nimba, inda iyakokin Gini da Laberiya da Kodebuwa suka haɗu, akwai ɗan ƙaramin kwaɗo da aka bayyana a 1943, wanda ba ya yin ƙwai, haihuwa yake bayan cikin wata tara. Dutsen cike yake da tama, kuma hoton wannan kwaɗo yana cikin makaman masu jayayya da kamfanonin haƙar ma'adinai.

Amma kyakkyawan hoto talla ne, ko mai shi ya nufa ko bai nufa ba. A dajin Kimboza na Tanzaniya, a gindin tsaunukan Uluguru, akwai wata 'yar tsaka da namijinta ke da shuɗi mai ɗaukar ido. Da hotunanta suka bazu tsakanin masu kiwon irin waɗannan dabbobi a Turai da Amurka, sai 'yan kasuwa suka yi mata ca. Bincike ya ƙiyasta cewa tsakanin 2004 da 2009 an kwashe kusan kashi 15 cikin 100 na jinsin gaba ɗaya, sai a 2016 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. Wannan darasi ne ya sa a 2011, da Michele Menegon da Tim Davenport da Kim Howell suka bayyana wani sabon maciji mai ƙaho daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, suka buga hotonsa amma suka ɓoye sunan dajin da yake.

Akwai kuma matsalar algus. Sanannen abu ne a wannan sana'a cewa wasu sukan sanyaya kwaɗo ko ƙadangare har jikinsa ya mutu, sannan su girka shi yadda suke so. Hotunan kwaɗo riƙe da ganye kamar laima, ko yana hawan ƙwaro kamar doki, waɗanda suka cika intanet a shekarun 2010, masana sun nuna cewa da yawansu shiri ne, kuma dabbar wahala take sha. Ita kanta gasar Landan sau biyu tana karɓe kyauta: a 2010 kan hoton kyarkeci da aka gano na haya ne, a 2018 kuma kan hoton wata dabba mai cin gara da alƙalai suka gamsu cewa busasshiyar gawa ce aka cusa wa kaya. Idan ado ya zama shi ne ma'auni, gaskiya takan zama abin da ake iya ragewa.

Ƙasar da Launinta Ɗaya

Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maradi da Damagaram, Mayahi kuma tana arewa maso yamma da ita, a kan Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ruwansa ya daɗe da komawa ƙarƙashin ƙasa ya bar goriba da kaba a samansa. Ƙasa ce ta jigawa da gero da wake, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Tun zamanin da Heinrich Barth ya sauka a Tasawa a watan Janairu na 1851, yawancin baƙin da ke zuwa nan masu wucewa ne zuwa wani wuri. Kyamarorin duniya kuwa sun san jahar Maradi da abu guda: a 2005 sun zo sun ɗauki ƙananan yara masu tamowa, suka koma. An raba aiki ke nan ba tare da an yi shawara ba, mai neman kyau ya tafi tsauni, mai neman tausayi ya zo Sahel.

Halittun wannan ƙasa sun ɗauki launinta, domin a fili mai yashi wanda ya yi ƙyalli shaho ne ke cin sa. Kububuwa ruwan ƙasa ce mai ɗigo-ɗigo, tsawonta da wuya ya wuce kamu ɗaya. Kasa, wadda Bahaushe ya sani da nauyin barci, idan ta kwanta cikin busasshen ganye sai an taka ta ake sanin tana nan. Damo da kulɓa da tsaka duk tufarsu ɗaya da turɓaya. A ma'aunin hoton tsauni, babu ɗayansu da ya ci jarrabawa.

Ga manomi kuwa lissafin dabam ne. Lokacin noma da lokacin girbi su ne lokutan sara, sa'ad da hannu ke shiga gindin gero, da ƙarƙashin dami, da tarin kara inda ɓeraye ke taruwa macizai su biyo su. Mai yankan kaba a kwarin Mayahi, wanda ake saƙa tabarma da igiya da abin da ya yanko, cikin duhuwar kaba yake cusa hannunsa. Kububuwa kuwa ba banza aka yi mata laƙabi da gobe da nisa ba: dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da tsofaffin miyaku da cikin ciki, wani lokaci kwanaki bayan an ɗauka ya tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, a 2017 ta sa shi cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta ɗauki alkawarin rage mace-macen da nakasar da rabi kafin 2030. A faɗin savana da Sahel na Afirka ta Yamma, dangin kububuwa ne ke kan gaba wajen wannan kisa.

Littafin da Ya Juya wa Tsauni Baya

Akwai aiki ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya bi wata hanya. A 2006 cibiyar bincike ta Faransa, IRD, ta buga Guide des serpents d'Afrique occidentale: savane et désert, na Jean-François Trape da Youssouph Mané, masu aiki a Dakar. Trape likita ne da ya yi suna a binciken zazzaɓin cizon sauro, kuma ana ganin idon likita a tsarin littafin. Ya ƙunshi jinsi 81 na macizan Senegal da Gambiya da Muritaniya da Mali da Burkina Faso da Nijar, kowanne da hotonsa mai launi, da taswirar inda aka same shi, da bayanin haɗarinsa ga mutum. A 2015 marubutan biyu suka fitar da nazari na musamman kan macizan Nijar, wanda suka gina a kan macizai 1,714 da aka tara daga 2004 zuwa 2008, suka lissafa jinsi 51 da aka tabbatar a ƙasar.

Ta fuskar ado, hotunan wannan littafi ba za su ci gasa ba. Maciji ne a kan yashi ko tsakuwa, cikin haske na yau da kullum, an ɗauke shi yadda za a ga tsawon jikinsa da zanen bayansa da siffar kansa. Amma kyansu yana cikin wannan sauƙin. An ɗauke su ne domin mai kallo ya gane, kuma sun bar dabbar a kan ƙasarta, ta yadda ido zai koyi aikin da zai yi a gona, wato raba maciji da yashin da yake kwance a kai.

Abin da ya fi jan hankalin mai tarke shi ne yadda aka tara ilimin. Hanyar da Trape da abokan aikinsa suka bi a ƙasashen yankin ita ce barin mazubai masu ruwan maganin hana ruɓa a ƙauyuka, mutanen gari su riƙa jefa macizan da suka kashe a gona ko a gida, daga baya a dawo a kwashe. Ashe taswirorin da ke cikin waɗannan ayyuka, hauya da sandar manomi ne suka zana su. A nan ne kuma raunin aikin yake. Ilimin ya fito daga ƙauye, ya tafi Dakar da Faransa, ya zama littafi da Faransanci da maƙala da Ingilishi, cike da sunayen Latin da lissafin ɓawon ciki da na wutsiya. Wanda ya jefa macijin a mazubi ba zai iya karanta abin da aka gano game da shi ba. Ba marubutan kaɗai za a ɗora wa wannan ba, domin sun yi nasu, sun kuma yi shi da kyau. Tambayar tana kan masana da mawallafa na gida, musamman tun da a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Domin a ga inda salon tsauni ya gaza a zahiri, sai a dubi kububuwa da masu kama da ita. A yankin Sahel akwai wani maciji mai cin ƙwan tsuntsaye, wanda Trape da Mané ɗin nan suka bayyana a matsayin jinsi mai zaman kansa a 2006, suka raɗa masa Dasypeltis sahelensis. Ba shi da dafi, haƙoransa ma kusan babu. Amma ya ari rigar kububuwa, ya ari har dabararta ta tsoratarwa: yakan naɗe jikinsa yana goga ɓawonsa da juna, ya fitar da ƙara kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Akwai kuma wani gajeren maciji mai kauri da ke nutsewa cikin yashi, dangin mesa ne, ba ya cutar da kowa, amma sau da yawa sanda ce rabonsa. A ɗaya gefen akwai wani baƙin maciji siriri mai sheƙi, mai zama a rami, da ake ɗauka ba komai ba ne, alhali yana fitar da fiƙarsa ta gefen baki ya soki yatsan wanda ya riƙe shi a wuya.

Ita kanta kububuwa ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi son busasshiyar ƙasa, Echis leucogaster, cikinta fari ne fat, kamar yadda sunanta ya nuna. Ta yankunan da suka fi samun ruwa kuwa cikinta na da ɗigo-ɗigo, gefenta kuma na da fararen tabo kamar idanu. Wannan ta biyun ma a 2018 Trape ya raba ta gida biyu. Abin lura shi ne, alamar da ta fi saurin raba su tana ciki, kuma ciki shi ne wurin da hoton gasa ba ya taɓa nunawa. Babu alƙalin da zai ba maciji kwance rigingine kyauta.

Sanin jinsi kuwa yana da nasaba da rai. Allurar kashe dafi ba ta aiki sai a kan dangin macizan da aka yi ta da dafinsu. A wani asibitin karkara na ƙasar Gana, da aka sauya allura zuwa wadda aka haɗa da dafin kububuwar Indiya, mace-mace sun tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa kusan kashi 12 cikin 100, kamar yadda wani rahoto na 2008 ya nuna. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi allurar EchiTAb da dafin macizan Nijeriya, wadda aka gwada a Kaltungo ta jihar Gombe, aikin da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yake cikin jagororinsa.

Dole a faɗi iyakar hoto a nan. Likita ba ya jiran hoto kafin ya yi magani. Tun shekarun 1970, lokacin da David Warrell yake aiki a Zariya, aka daidaita gwajin nan mai sauƙi: a zuba ɗan jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, idan bai daskare ba to dafin ya shiga jini. Kuma babu hikima ga wanda zai bi maciji domin ya ɗauke shi hoto, ko ya taɓa kan wanda aka kashe, domin matacce ma yana iya sara. Aikin hoto yana gaba da sara ne, wajen koya wa ido, yana kuma bayansa, wajen tara shaidar wane maciji ne ke wane gari, domin hukuma ta san irin allurar da za ta saya ta kai.

A yau wannan giɓi ya sami sabon salo. Masu bincike a Jami'ar Janeba sun yi shekaru suna koya wa kwamfuta gane maciji daga hoto, da fatan ma'aikacin jinya a karkara zai ɗauka da salula ya sami amsa. Kwamfutar daga tarin hotunan intanet take koyo, irin na dandalin iNaturalist, kuma su masu binciken sun nuna cewa tarin ya karkata ƙwarai zuwa Amurka ta Arewa da sauran ƙasashe masu hali, yayin da wuraren da sara ya fi kisa suke da kaso kaɗan. Son zuciyar kyamara na shekara da shekaru ya zama gādon na'ura.

Kwaɗo da Tsaka

Ba batun dafi kaɗai ne ke nan ba, akwai batun kyau ma, domin kuskure ne a miƙa wa tsauni kyau gaba ɗaya a bar wa Sahel amfani kawai. Kwaɗon dajin tsauni yana zaune cikin laima shekara duka. Na Tasawa da Mayahi kuwa wata takwas ko tara yake yi babu ɗigon ruwa. Wasu sukan haƙa yashi da ƙafafun baya su nutse, burduddugi ma har yakan lulluɓe kansa da tsohuwar fatarsa rufi bisa rufi domin kada ya bushe. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi sai su fito gaba ɗaya, har yara su ce daga sama suka faɗo, su cika tafkuna da kududdufan gari da kuka. Daga nan tsere ne tsakanin talibambam da rana: ko ya yi ƙafafu cikin 'yan makonni, ko kududdufin ya ƙafe da shi. Wannan labari ne da ya fi ƙarfin hoto guda mai baƙin baya. Yana bukatar wanda zai tsaya a bakin tafki ɗaya tun daga bazara har kaka, kuma baƙo mai biza ta mako biyu ba zai iya ba. Akwai ma abin da ya kamata a rubuta da hoto tun kafin ya sauya, domin wani bincike na 2010 da Meike Mohneke da Mark-Oliver Rödel da abokansu suka yi ya nuna ana safarar miliyoyin busassun kwaɗi kowace shekara zuwa kasuwannin kudu maso yammacin Nijeriya, wasu daga arewacin Benin da maƙwabtanta.

Tsaka kuwa ta fi kowa rashin gata. A ƙasar Hausa an daɗe ana cewa tana da dafi, idan ta faɗa abinci ko ta taɓa jiki takan kawo ciwon fata. Akwai hadisai da malamai ke kawowa game da ita, wannan kuma fagensu ne. Amma ta fuskar binciken halitta, ba a san wata tsaka mai dafi ba a duniya, abincinta ƙwari ne, shi ya sa take tsare gindin fitila. Tafin ƙafarta na ɗauke da dubban ɗaruruwan gashi da ido ba ya gani, waɗanda a shekarar 2000 Kellar Autumn da abokansa suka auna ƙarfin mannewarsu, binciken da injiniyoyi ke kwaikwayo har yau. Abin mamakin da ake zuwa Madagaska a ɗauko, irinsa yana manne a bangon zaure a Kanembakashe da Korgom.

Bahaushe bai taɓa rasa kallon waɗannan halittu ba. Ya sa maciji a rijiyar Kusugu a farkon labarin Daura, ya ba shi mazauni a bori da sunan Danko, ya bar wa gardawa wasa da shi a kasuwa. Ya kira damo sarkin haƙuri, ya ga ƙadangaren bakin tulu ya yi karin magana da shi. Harshe ya riga ya ɗauki hotonsu tun da daɗewa. Kyamara ce ta makara.

Kammalawa

Hoton da Tasawa da Mayahi ke bukata yana da nasa ƙa'idoji, kuma ba su fi na tsauni sauƙi ba. A ɗauki dabbar daga nesa mai aminci, a kan ƙasar da aka gan ta. Idan an riga an kashe ta, a juya ta da doguwar sanda a ɗauki baya da ciki da kai, a ajiye takalmi ko ƙotar hauya a gefe domin a san girmanta. A rubuta gari da wata, a rubuta ko a gona ne ko a rumbu ko a ɗaki. Sama da duka a rubuta sunan da mutanen wurin suka kira ta da shi, ko da ya saɓa da na garin gaba, domin kumurci da gamsheƙa ma ba kowane gari ne ya yarda da wanne ne wanne ba, kuma wannan saɓani shi kansa ilimi ne da ke tafiya tare da tsofaffi.

Kayan aikin ba su da nisa. Salula mai kyamara ta shiga ƙauyuka, akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da jami'an gandun daji a kowace gunduma, akwai kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi wadda za ta iya zama rumbun abin da aka tara. Daga irin wannan tari ne za a iya fitar da allo guda mai hotuna goma sha biyu da sunayen Hausa, a kafa a bangon kowane ɗakin shan magani da kowane aji, yaro ya tashi ya san wanda zai guje wa da wanda zai ƙyale ya ci masa ɓeraye. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Aikin hoto mai kyau a wannan ƙasa shi ne ya koya wa mutum raba maciji da tsumma tun kafin saran.